Tsohuwar jita ma a duba mata haƙora

Babu Badamagaren da zai je kasuwar dabbobi sayen ragon layya ya tsaya ga abin da dillali ya faɗa masa game da shekarun ragon. Kama shi zai yi, ya buɗe masa baki, ya duba haƙora. Haka mai sayen moto na hannu: sai ya durƙusa ya karanta lambar shasi, ya gwada ta da ta takarda, ya tayar da injin da sanyinsa ya saurara, ya dubi launin hayaƙi. Babu wanda ya koya mana wannan a aji. Amma a miƙo mana kayan da ya zo daga waje ɗauke da rubutun Turawa a goshi, sai duk wayon nan ya gudu ya bar mu. Mu karanta suna, mu sa hannu a aljihu.

Jitar lantarki ce ta sa ni wannan magana. Ina koyarwa a makarantar horon malamai a nan Damagaram, kuma a ƴan shekarun nan da wuya zubin ɗalibai ya wuce ba a samu ɗaya ko biyu masu jita a ɗaki, ko masu tara kuɗin sayenta ba. Da yake an san ni da kwance-kwancen rediyo da tsofaffin na'urori, sukan kawo mini in duba. Abin da nake gani shi ya kai ni ga ra'ayin da nake so in kare a nan: sunan da ke rubuce a kan jita shi ne shaida mafi rauni game da ita, kuma uba ko malamin da bai taɓa kaɗa tsirkiya ba zai iya koyon karanta sauran shaidun cikin yini ɗaya, ya hana a cuci yaronsa.

Na san akwai iyayen da tun farko ba su yarda yaro ya kusanci kiɗa ba, wasu don addini, wasu don asali. Wannan hukunci ne na gida, tsakaninsu da malamansu, ba shi na zo warwarewa ba. Maganata da wanda ya riga ya amince ne, da kuma wanda ya san ko bai amince ba yaron zai saya a ɓoye ya ajiye a ɗakin aboki.

Ga inda matsalar take. A ƙasar nan kiɗa gado ne. Makaɗan fadar Damagaram, irin su marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, sun tashi ne cikin sana'ar da ke da manya da ƙanana. Yaron da zai koyi gurmi ko garaya ko goge yana da ubangida wanda ya san ƙwarya mai kyau daga ƙwanƙwasa ta, ya san fatar da za ta jure damana. Jita ba ta shigo ta wannan ƙofa ba. Ta arewa ta fi shigo mana, daga Agadas, inda kaset-kaset ɗin marigayi Abdallah ag Oumbadougou suka zagaya hannu-hannu a shekarun 1990. Bayansa Bombino ya fito, ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy, ga kuma Mdou Moctar da ke cika manyan dandali a Amurka da Turai. Yaranmu suna kallonsu a waya, suna koyon ɗora yatsu daga bidiyo. Cibiyar horon makaɗa ta Alhaji Taya kuwa tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Don haka yaron Birni ko na Garin Malam da ya tara kuɗinsa na wata da watanni shi kaɗai yake zuwa ciniki, babu ubangida, babu babba. Kuma kusan duk jitar da zai samu ta hannu ce: wadda ta biyo kayan gwanjo daga bakin teku, ko ta kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko wadda wani ya dawo da ita daga Libiya ko Aljeriya. Babu takarda, babu rasit, sai bakin mai sayarwa.

Shi kuma mai sayarwar, in an yi masa adalci, sau da yawa shi ma sunan ya karanta.

Sunan nan fa ba wani abu ba ne illa tambari da ake mannawa a kan katako a shafe shi da fenti mai sheƙi. Ana buga irinsa a ko'ina. Siffofin jitar lantarki da suka mamaye duniya ƴan kaɗan ne, kuma tsofaffi ne. Kamfanin Fender na Kalifoniya ya fitar da Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson ya fitar da Les Paul a 1952, da SG a 1961. Tun daga lokacin ake kwaikwayonsu. Masana'antun Japan sun ƙware a kwaikwayon har ta kai ga shari'a a 1977 kan siffar kan jitar Gibson. Daga baya su kamfanonin da kansu suka shiga sayar da mai araha: Fender ta fito da Squier a 1982, Gibson kuma tana da Epiphone da ta saya tun 1957. Yau ana ƙera mafi yawan irin waɗannan a Sin da Indunusiya.

Saboda haka in ka ga jita mai siffar Stratocaster, tana iya zama Fender ta Amurka, ko Fender ta Meziko, ko ta Japan, ko Squier, ko ta wani kamfani da ya sa sunansa na gaskiya kamar Yamaha ko Cort. Duk waɗannan halal ne, kowa da farashinsa. Ta ƙarshe ita ce ta jabu, wadda aka yi wa ƙaryar suna. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne: sabuwar Fender ta Amurka ta wuce dalar Amurka 1,000, wato sama da jika 500 na sefa, Squier ta masu koyo kuwa ba ta kai rubu'in wannan ba. Wanda ya kawo maka Fender ta Amurka a farashin tsohon keke, to ko dai ba ita ba ce, ko kuma ka tambayi inda ya samo ta.

Fara da abin da ido ke gani daga nesa. Dangin Fender suna da kunnuwan ɗaure tsirkiya shida a jere gefe ɗaya, kuma wuyan jitar da sukuru ake ɗaure shi ga jiki. In ka juya bayanta za ka ga farantin ƙarfe, galibi mai sukuru huɗu. Dangin Gibson uku-uku suke raba kunnuwan, wuyan kuma manne yake da gam, babu faranti. Les Paul mai rubutun Gibson da ka juya ka ga faranti da sukuru a gindin wuyanta ta riga ta amsa maka tambayarka. Akwai kuma ɗan murfi a kan jitar, daidai inda tsirkiyoyi ke barin wuya: na Gibson sukuru biyu ke riƙe shi, na Epiphone da yawancin na jabu uku ne. Ƙaramin abu ne, amma masu jabu sukan yi sakaci da ƙananan abubuwa.

Sannan ka ari ma'aunin tela. A kan wuyan jita akwai siraran ƙarafa a gicciye kamar matakan tsani, su ake kira firet. Auna daga farkon wuya, inda tsirkiyoyi ke kwanciya kan ɗan farin ƙashi, zuwa firet na 12, ka ninka biyu. Stratocaster da Telecaster suna ba da milimita 648, Les Paul da SG kuma kimanin 628. Ba ya tabbatar da gaskiyar jita, don masu kwaikwayo ma sun iya awo. Amma yana iya ƙaryata ta, kuma mafi yawan gwaje-gwajen da zan ambata haka suke: ɗaya ba ya isa ya ce "ita ce", amma ɗaya ya isa ya ce "ba ita ba ce".

Yanzu lambar masana'anta, wadda kowa ke dogaro da ita fiye da kima. Fender ta Amurka tana buga lambar a farantin wuya har zuwa 1976, daga nan ta mayar da ita kan jitar tare da harafi mai nuna zubin shekaru goma: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, lambar da ke biye kuma ita ce shekarar. Daga 2010 aka koma US da lambobi biyu na shekara. Ta Meziko ana sa M a gaba: MN na shekarun 1990, MZ na 2000, MX daga 2010. A Squier, CY na nuna Sin, IC na nuna Indunusiya, lambobi biyu na gaba su ne shekara. To ga amfanin sanin wannan: in rubutun jita ya ce a Amurka aka ƙera ta, lambarta kuma ta fara da MN, shaidu biyu sun saɓa, kuma ba ka bukatar masani ya gaya maka akwai magana.

Tsarin Gibson ya fi daɗin koyarwa. Daga 1977 zuwa 2005 yawancin jitocinta suna da lambobi takwas da aka danna cikin katakon bayan kai. Ta farko da ta biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu kuma ranar shekara. Misali 90237512: 9 da 7 sun ba da 1997, 023 kuma rana ta 23, wato 23 ga Janairu. Na taɓa rubuta irin wannan a allo na ce ɗalibai su samo mini lambar da ba za ta taɓa yiwuwa ba. Bai ɗauki minti biyu ba wata ɗaliba ta ce duk wadda ukun tsakiyarta suka wuce 366. Daidai ne, kuma ɗan aji shida na firamare ma zai iya gano haka.

Sai dai ko lambar ta yi daidai, ba a gama ba. Mai jabu na iya kwafo lambar jita ta gaskiya daga intanet ya buga ta a kan ɗari. Ita kanta Fender ba ta tsaya cak kan tsarinta ba: akan buga tambura da yawa a ci gaba da amfani da su bayan shekararsu ta wuce, har ma N9 ta fito a jitocin 1990 da kuma na 1999. Uwa uba, lambar a kan wuya take, wuyan kuma sukuru huɗu ne kawai ke riƙe da shi. Lambar tana ba ka labarin wuya ne kurum. Jikin na iya zama na wata jitar dabam.

Shi ya sa nake cewa a buɗe baki a duba haƙora. Da izinin mai kaya, a sassauta tsirkiyoyi, a sa turnabis, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa sukundireba, a ɗaga farantin roba da ke fuskar jitar. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe, ko da a gaban mai gyaran rediyon da shi ya zaɓa, ya ba ka amsa ta wata hanya.

A ciki abu na farko shi ne katako. A ramukan da fenti bai rufe sosai ba za ka ga ko guntun itace ne ɗaya, ko kuwa fale-falen da aka manna hawa-hawa irin na silin. Babu Fender ta Amurka mai jikin fale-fale. Na biyu, ƙarƙashin kowane maɓallin ƙara sauti akwai ɗan gwangwani zagayayye. A jitocin Amurka gwangwanin babba ne, kuma a bayansa ko gefensa akwai lambobi. Uku na farko sunan kamfanin da ya ƙera shi ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, na gaba kuma shekara da mako. In ka ga 1377812, to CTS ce ta yi shi a mako na 12 na 1978.

A nan nake so abokan aikina malamai su ɗan dakata, don a nan darasin yake. Me wannan lamba ta tabbatar? Ba ta ce an ƙera jitar a 1978 ba. Abin da ta ce shi ne, in dai gwangwanin shi ne na asali, ba a gama jitar kafin wannan mako ba. Tana iya zama bayansa da shekaru, don masana'anta takan sayi kaya ta tara. Fender ta sayi irin gwangwanayen nan masu yawa a 1966 ta yi ta amfani da su shekaru bayan haka. In kuma wani ya taɓa canza shi, to jitar na iya girme shi. Yaya za a san an canza? A dubi dalmar da aka like wayoyi da ita: likin masana'anta ƙarami ne, tsaf, ya dushe tare da sauran, likin gyara yakan yi tudu, ya yi sheƙi, da alamar ƙuna a jikin robar waya. Kun ga ke nan yaro ya koyi rarrabe abin da shaida ta faɗa da abin da yake so ta faɗa. Da irin wannan tunani ne masanin tarihi ke auna shekarun takarda daga hatiminta, ko shekarun gini daga abin da aka tono ƙarƙashinsa. Mu kuwa mukan ba ɗalibai shekarar 1926, lokacin da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai, su haddace, ba mu taɓa tambayarsu yadda aka yi aka sani ba.

Akwai shaida ta ƙarshe a gindin wuya, inda yake shiga jiki. Fender takan rubuta ko ta buga kwanan wata a wurin, wani lokaci har a cikin ramin jikin. Wannan kam a bar wa mai hannu ya kwance, don sukurun da aka ɗaure a karkace yana cin katako.

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini farar jita, irin wadda yake gani a hannun Mdou Moctar, an ce masa Fender ce ta shekarun 1970 da wani Bature ya bari. Bai biya ba tukuna, an ba shi kwana biyu ya yi shawara. Lambar kai ta fara da S, har zuciyarsa ta yi fari. Amma Stratocaster ta ƙarshen shekarun 1970 babban kai gare ta, kuma sukuru uku ke riƙe wuyanta. Wannan ƙaramin kai ne da ita da sukuru huɗu. Muka ɗaga faranti: jiki fale-fale, gwangwanaye ƙanana marasa lamba. Da muka karkata kan jitar ga hasken rana, sai ga inuwar wani tsohon rubutu da aka kankare ƙarƙashin tambarin. Abin da ya ba shi mamaki shi ne na ce masa ya saya. Wuyanta miƙe yake, firet ɗinta ba su ci ba, sautinta wankakke. Ya koma ya lissafa wa mai kayan abin da muka gani ɗaya bayan ɗaya, aka yi ciniki a kan abin da take, aka bar abin da aka ce take. Har ya gama karatu da ita yake kiɗa.

Don kada a fahimce ni a baibai: binciken nan na kare kuɗi ne, ba na neman asali ba. Jita mai haɗe-haɗe ba abin kunya ba ce. Shahararren makaɗin Ingila Eric Clapton ya sayi tsofaffin Stratocaster a birnin Nashville a 1970, ya zaɓi sassa daga guda uku ya haɗa ɗaya; ita ce ya fi kaɗawa shekara da shekaru, kuma a 2004 aka yi gwanjonta a kan dala 959,500. Shi kuwa Mdou Moctar da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ga mai koyo, Squier ko Yamaha mai lafiya ta fi Fender ta gaskiya mai karkataccen wuya nesa ba kusa ba.

Kuma a ƙasarmu wuyan nan shi ne kan gaba, saboda yanayi. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda laimar iska take kusan kashi 50 cikin 100. Mu a hunturu da farkon bazara laimarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, sai kuma damana ta zo ta jiƙa komai. Jitar da ta yi shekara ashirin lafiya a Faransa tana iya lanƙwashewa a shekararta ta farko a nan. Katako ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu. Don haka ka ɗaga jitar kamar mai saita bindiga, ka bi wuyan da ido daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan kamar baka ba laifi ba ne. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita shi, sai dai a tabbatar tana juyawa, ba ta cije ko ta karye ba. Amma wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, ajiye shi ko nawa aka rage maka. Tazarar tsirkiya da firet na 12 kamata ya yi ta tsaya wajen milimita 2; in fensir na shigewa tsakaninsu, yatsun yaro za su yi ƙanta kafin ya koyi komai, ya jefar da abin ya ce ba shi da baiwa. A kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, a saurari inda take shaƙewa.

Sauran kurakurai masu sauƙi ne, kada a bari su tsorata ku, amma a yi amfani da su a ciniki. Maɓallin da ke ƙarar ƙasa-ƙasa in an juya shi ƙura ce, wadda ba mu rasa ta. Ramin da ake soka waya in yana rawa, ɗaurewa ne ko liki ɗaya. Duk mai gyaran rediyo a kasuwar Dole zai yi wannan kafin shayi ya nuna.

Abin da ke ɗaukar sauti, wanda makaɗanmu ke kira mikro, shi ma mitar mai gyaran rediyo tana gwada shi. Mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da ƴar wutar lantarki. Abin da Faraday ya gano ke nan a 1831, wanda muke zanawa a allo da alli kowace shekara ɗalibai suna hamma. Siririn mikro irin na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, mai faɗi irin na Les Paul wajen 8,000. In mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke a ciki. A kuma sani cewa siririn yakan yi ɗan gurnani kusa da fitila ko taransifoma ko da lafiyarsa lau. Halinsa ne, kuma don kashe wannan gurnani ne Gibson ta fito da mai faɗin a 1957.

Akwai abu ɗaya da ba na wasa da shi, kuma iyaye shi nake so ku riƙe ko kun manta sauran. Jitar kanta ba ta ɗauke da wutar da za ta cuci mutum, amma tsirkiyoyinta a haɗe suke da jikin amfili, wato akwatin ƙara sautin, ta cikin waya. In amfilin ya lalace a ciki kuma babu wayar ƙasa, wutar gida tana iya biyowa har yatsun mai kiɗa. Ta haka Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya mutu a gidansa a 1976. Ku dubi yadda muke zaune: ɗakuna da yawa soket mai rami biyu ne, yara suna kiɗa ba takalmi a kan siminti ko ƙasa, a biki kuma janareta ne da wayoyin da aka ƙulla da leda. Ga tsohon amfili daga Amurka da aka yi shi don wuta 110 zuwa 120, alhali tamu 220 ce. A karanta farantin bayansa kafin a soka. In yaro ya ce tsirkiya tana ɗan cizonsa, a zare nan take a kai wa mai gyara, kada a ce ya saba. Ga mai koyo ma ƙaramin amfili mai batir ya wadatar, ya kuma huta da ɗauke wuta.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin wasa? Ni dai ban ɗauke shi wasa ba. Wanda ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky ta yi a 2021 kan samarin Kara-Kara ya san abin da zaman banza ke yi wa yaran garin nan. Yaron da ya zauna awa biyu kullum yana gyara yatsunsa a kan tsirkiya ya samu abin da ya fi zaman fada daga safe zuwa dare. In an cuce shi a cinikinsa na farko, kuɗin da ya tafi ba shi ne babbar asara ba. Yakan fita da darasin cewa mai wayo shi ne mai cuta, kuma wata rana shi ma zai manna tambari ya sayar wa na bayansa.

Shawarata ga iyaye ita ce ku bi yaron zuwa wurin ciniki, da ma'aunin tela da turnabis a aljihu, ku ɗauki hoton lamba da na cikin jitar da waya, ku nemi a ba ku kwana ɗaya. Ganin babba kaɗai yana canza harshen mai sayarwa. Ga malaman kimiyya da lissafi kuma, matacciyar jita da ba ta da mai saye kayan aiki ce da makarantunmu marasa ɗakin gwaji za su iya samu da kuɗi kaɗan. Akwai mayen ƙarfe da naɗin waya a cikinta. Akwai firet na 12 da ke raba tsirkiya biyu daidai ya ninka kaifin sauti. Akwai tazarar firet da ke raguwa da ƙa'ida ɗaya, kowane tsawo ana raba shi da kusan 1.059 a samu na gaba, abin da ƴan lise za su iya aunawa da hannunsu su gwada da lissafinsu. Bana na ba ɗalibaina ƴan shekarar ƙarshe irin wannan jita, na raba su rukuni huɗu, na ce kowane rukuni ya rubuto mini shekarunta da hujjarsa. Uku sun kawo shekara ɗaya tak, sun kwafo daga lambar kai. Rukuni na huɗu suka rubuta cewa wuyan na 2007 ne, jikin kuma ba za su iya yanke masa shekara ba sai an ba su izinin kwance shi. Su na ba maki mafi yawa, na kuma miƙa musu turnabis.